YAWON BAZARA A BAKIN KWARA DA DARASIN DUWATSUN ILLO

Daga wani ɗalibi ɗan aji biyar

 Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in yi bayani a kan wani darasi wanda ba a cikin aji kaɗai ake koyonsa ba, watau darasin duwatsu da itatuwan ƙasarmu. Ni mutumin ƙasar Bagudo ne, shekarata 16. Yawancinmu in an ce labarin ƙasa, sai hankalinmu ya tafi ga taswirar da ke rataye a bango, ko sunayen biranen Turai da muke haddacewa saboda jarrabawa. Alhali kuwa ƙasar nan da muke takawa kullum ita ma littafi ce, shafi bisa shafi, sai dai masu karanta ta ba su da yawa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To, zan nuna yadda tafiyar da ba ta wuce ta safiya ɗaya ba za ta iya buɗe wa ɗalibi labarin da ya girmi kakannin kakanninsa nesa ba kusa ba.

ƘASAR DA AKE MAGANA A KAI

Ƙaramar hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Daga cikin garuruwanta akwai Bagudo da Zagga da Kende da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya. Ta yamma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda a da ake kira Dahomi kafin a sake mata suna a 1975. Wanda ya bi hanyar Tsamiya zai ɓulla Segbana, wanda kuma ya bi ta Lolo ya nufi wajen Malanbil. Mazauna ƙasar sun haɗa da Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Bussawa, kuma da yawansu suna da dangi a ƙetaren iyaka, domin kuwa sai a shekarar 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar da ta raba ƙasar Bargu biyu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila.

Babban abin da Allah ya albarkaci wannan ƙasa da shi shi ne kogin Kwara. A wannan kusurwa ta Jihar Kebbi ne ya fara shigowa Nijeriya. Ya taso tun daga tuddan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi gefen Benin, kuma tsawonsa duka ya kai wajen kilomita 4,180. Mu ba mu da teku, amma muna da gaɓar Kwara, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, akwai zamanin da teku sosai ya malalo har cikin ƙasar Sakkwato.

ME YA SA SAI DA BAZARA?

Kwara yakan cika sau biyu a shekara a wajenmu. Cikar farko ita ce ta damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da ruwan samanmu ke kwararowa da laka. Ta biyu kuwa tana zuwa da hunturu, sa'ad da ko ɗigo ba a yi. Dalili shi ne ruwan da aka yi a tuddan Gini yakan bazu cikin fadamun Masina a Mali, ya yi ta tafiyar hawainiya wata da watanni, sa'an nan ya iso mana bayan lakarsa ta kwanta. Sai bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu, kana kogin ya ja da baya sosai. A lokacin ne tsibiran yashi ke fitowa, gaɓa ta buɗe, ana ganin jerin ƙasar da ruwa ya yanka kamar an sa wuƙa.

Har ila yau da bazara ciyawa ta bushe, dabbobi sun cinye saura, gonaki kuma an share su ana jiran shuka. Saboda haka babu abin da ke rufe ƙasa. In aka yi sa'a aka sami yayyafin farko, sai ya wanke ƙura, duwatsu su fito da launinsu na ainihi. Daɗin daɗawa, hutun zango na biyu yakan faɗo a wannan lokaci, mu 'yan makarantar kwana muna gida.

Mai tafiya da ido buɗe zai ga abubuwa da yawa tun bai kai ga duwatsu ba. Zai ga tsamiya ta fara sabon toho tun ruwa bai sauka ba. Zai ga gawo yana shirin zubar da ganye, domin shi al'adarsa dabam ce da ta sauran itatuwa: da rani yake kore, da damina ya tuɓe. Zai ga shamuwa ta dawo daga kudancin Afirka tana ɗaukar kara za ta yi sheƙa, manoma kuwa da sun gan ta sun san lokacin gyaran kalme ya yi. A bakin ruwa ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbela, ga kirinjijiya, ga masunta suna ɗinkin taru a tungayensu.

MENE NE FOSIL?

Fosil kalmar masana ce, ma'anarta burbushin halittun dauri da suka saura a cikin dutse. Yana iya zama ƙashi, ko haƙori, ko ɓawon katantanwa, ko guntun itace, ko ma sawun ƙafa kawai.

Ga yadda abin ke faruwa. A ce wata bishiya ta faɗi a bakin kogi. In ta zauna a fili, gara da rana da ruwa za su gama da ita cikin 'yan shekaru. Amma in ambaliya ta zo nan da nan ta binne ta cikin yashi da laka, iska ba ta kai gare ta, gara ma ba ta kai, to ba za ta ruɓe da wuri ba. Ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da narkakken sinadarin yashi. Wannan ruwa sai ya riƙa shiga 'yan ƙananan ƙofofin itacen yana barin sinadarin a ciki, kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ruwa ke bari a gindinta, ya ga ɗan misalin wannan aiki. Bayan zamani mai tsawo sai itacen ya ƙare, dutse ya maye gurbinsa, amma da siffar itacen, har da jijiyoyinsa da inda reshe ya fito.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da ake karanta gaɓa da ita. In aka jibga tabarmi a ɗaki, ta ƙasa ita aka fara shimfiɗawa. Haka jerin ƙasa yake: na ƙasa ya girmi na sama. Kowa na iya gwada wannan a gida. A zuba tsakuwa da yashi da laka cikin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Tsakuwa za ta fara kwanciya, sai yashi, laka kuma ta zo daga ƙarshe. Don haka in ka ga jerin tsakuwa a jikin gaɓa, ruwa mai ƙarfi ne ya kawo ta. In kuwa laka ce mai laushi, to a cikin ruwa mai kwanciya ta taru, kamar tafki.

Wani zai ce, yaya aka san shekarun dutse? Akwai ma'adinai irin su yuraniyom, wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar, da ke rikiɗa a hankali su koma dalma, kuma an auna saurin rikiɗar. Kamar randa ce mai yoyo wadda aka san yawan abin da take zubarwa kowace sa'a: in ka duba ruwan da ya rage, ka san tun yaushe aka cika ta. Da irin wannan awo ake samun shekarun wasu duwatsu, sa'an nan a kwatanta sauran da su.

Kada iyayenmu su ɗauka wannan ilmi na Turawa ne kaɗai. Shekaru wajen 1,000 da suka wuce, malamin nan Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi rubutu a kan yadda tsirrai da dabbobi ke komawa dutse. Takwaransa Albiruni kuma ya dubi tsakuwa da yashin filayen Indiya, ya ce wurin teku ne a da, koguna suka cike shi. Duban halitta don gane ikon Mahalicci tsohuwar hanya ce ta malamanmu.

DUWATSUN ILLO DA TEKUN DA YA ƘAFE

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karatun wannan fanni shi ne samun sunayen garuruwanmu a cikin littattafan masana duwatsu. Al'adarsu ce su raɗa wa kowane jerin duwatsu sunan garin da ya fi bayyana a kusa da shi. A ƙasashen Sakkwato da Kebbi akwai jerin Gundumi, da na Illo, da Taloka, da Dukamaje, da Wurno, da Dange, da Kalambaina, da Gamba, da Gwandu. Wani masani ɗan Nijeriya mai suna Kogbe ya yi aiki mai yawa a kansu a shekarun 1970. Dukansu suna kwance ne cikin wani makeken kwari wanda ya haɗa arewa maso yammacin Nijeriya da Nijar da Mali, har ya miƙa hannu cikin Benin ta wajen Kandi. Dutsen da ke ƙarƙashin Lolo bai tsaya a shingen kwastan ba, ya zarce abinsa.

Jerin Illo da na Gundumi su ne na ƙasa, watau su ne manya. Shekarunsu sun haura miliyan 70, wasu masana ma suna kai su fiye da miliyan 100. Yawancinsu tsakuwa ce da yashi mai kaushi da suka daskare, da kuma farar laka. Koguna da tafkunan wancan zamani ne suka tara su tun teku bai zo ba. Shi ya sa abin da aka fi samu a cikinsu shi ne itacen da ya zama dutse.

Bayan haka sai teku ya taso daga arewa, ya ratso ta inda hamadar Sahara take a yau, ya shigo ƙasar Sakkwato. Ya zo ya koma, ya sake dawowa. A zuwansa na wajen shekara miliyan 70 da suka wuce ya bar jerin Dukamaje, wanda a cikinsa ake samun haƙoran manyan kifayen teku da ƙasusuwan kunkuru da na kada. A zuwansa na baya, wajen shekara miliyan 60, ya bar farin dutsen Kalambaina, wanda ke cike da ɓawon katantanwar teku da danginta. Da wannan farin dutse ne ake yin siminti a Sakkwato tun shekarun 1960. Ashe ɗakunan karatunmu da ɓawon halittun teku aka gina su.

A shekarar 1930 wani Bature mai suna Swinton ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da aka tono a Lardin Sakkwato. Daga baya, wajen 1970, wasu masana daga Italiya suka sami ƙoƙon kan dabbar a ƙasar Goronyo, kuma a 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Dabbar teku ce, dangin guza da damo, amma ƙatuwa, mai filafilai a madadin ƙafafu, kanta kaɗai ya haura rabin mita. A 1975 kuma wani masani mai suna Halstead ya raɗa wa wani irin kadan dauri suna Sokotosuchus. Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu suna a wannan fanni. A Gadufawa, cikin hamada a yankin Agadas, an tono wani kada wanda tsawonsa ya wuce mita 9, da manyan dabbobin nan da ake kira dainoso, waɗanda suka ƙare a duniya shekara miliyan 66 da suka wuce.

Darasin da ke nan shi ne, kowane dutse da abin da yake bayarwa. Mai neman katantanwar teku sai ya nufi Kalambaina ko Dange. Mai neman ƙasusuwa ya nufi wajen Goronyo da Gada. Mu mutanen Illo da Ka'oje rabonmu itace ne. Wanda kuma ya gangara Yawuri ko Zuru zai tarar da tsofaffin duwatsu masu tauri waɗanda zafin cikin ƙasa ya dafa, su kuwa ba a samun fosil a cikinsu.

YADDA AKE FITA NEMA

Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu da fensir, da sanda, da tsohuwar jarida ta naɗe abin da aka samu, da jaka, da malafa, da gorar ruwa, da takalmi mai rufi. A fita bayan sallar asuba a dawo kafin rana ta take, domin zafin Afrilu a ƙasarmu yakan wuce digiri 40.

Rigakafi ya fi magani, don haka ga sharuɗɗa. Na ɗaya, a nemi izinin iyaye, a kuma gaida mai gari a gaya masa abin da ake nufi. Shi ya san inda ake shiga da inda ba a shiga, musamman a wannan zamani da wasu dazuzzukan kan iyaka ba su da tsaro. In ya ce a bari, to a bari. Na biyu, kada yaro ya tafi shi kaɗai, a tafi da babba ɗan gari. Na uku, iyaka a daji ba ta da katanga, mutum na iya shiga Benin bai sani ba, saboda haka a tsaya kusa da gari. Na huɗu, kada a ɗaga dutse da hannu sai an juya shi da sanda, saboda kunama da kububuwa. Na biyar, kada a tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta rataya, kuma kada janyewar kogi ta ruɗi kowa ya shiga, akwai gurabu masu zurfi.

Wuraren dubawa su ne kwazazzabai, da gindin tudu, da gaɓar rafi, da tarin ƙasar da masu haƙar rijiya suka fitar, da gefen gona inda manoma ke tara duwatsun da suka tsince. A hutun bazarar bara na bi kawuna, wanda manomi ne kuma masaƙin tabarma, muka bi wani kwazazzabo a ƙasar Illo. A nan na tsinci wani abu mai tsawon tafin hannuna, launin ƙasa-ƙasa, wanda ko makaho ya shafa zai ce guntun makamashi ne. Da na ɗaga sai na ji nauyi. Kawu ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Ai wannan itace ne da Allah ya mai da shi dutse, tun muna yara muke ganin irinsa in muna noma." Na ce, "Kawu, ka san shekarunsa?" Ya yi dariya ya ce, "Wannan kuma aikinku ne 'yan boko." Maganar nan ta zauna mini, domin ta nuna sanin wurin yana hannun iyayenmu, mu kuma an tura mu makaranta mu samo sauran.

Ana gane irin wannan itace da alamu huɗu: ya fi itace nauyi ƙwarai, yana da jijiyoyi a jere kamar na faskare, wuƙa ba ta yankarsa, kuma in an goga shi a jikin kwalba yakan bar zane. Farin dutse kuwa, in aka kankare shi aka ɗiga ruwan lemon tsami a kan garin, za a ga yana 'yar kumfa.

Abu mafi muhimmanci shi ne rubutu. Tun kafin a ɗauki abu a rubuta rana, da sunan ƙauye mafi kusa, da irin ƙasar da yake ciki, da ko a saman gaɓa yake ko a gindinta, a kuma zana wurin. Fosil ɗin da ba a san inda aka samo shi ba kamar wasiƙa ce da ba adireshi. In kuwa abin babba ne, ko ƙashi ne da ke manne cikin dutse, kada a fasa, kada a tone. A bar shi a gaya wa malami, shi kuma ya sanar da sashen ilmin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, wadda asalinta ya faro tun 1919.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Akwai abubuwa huɗu da kan ruɗi sabon mai nema. Na farko marmara, wadda ramukanta kan yi kama da ƙashi, alhali tsatsar ƙarfe ce ta daskare da ƙasa. Na biyu wasu 'yan dunƙule-dunƙule kamar gujiya da ke cikin farar lakar Illo, waɗanda yara kan ce ƙwan wata dabba ne, nan kuwa lakar ce ta dunƙule da kanta. Na uku wuri, wanda akan tsinta a kufai. Shi kam daga teku yake, amma fatake ne suka kawo shi daga tekun Indiya, aka yi ta ciniki da shi kafin zuwan kuɗin Turawa. Na huɗu gatarin aradu. Wannan aikin hannun mutanen dauri ne, da shi suke sara kafin a san ƙarfe. Wuri da gatarin aradu kayan tarihi ne masu daraja, su ma a rubuta inda aka gan su, amma ba fosil ba ne. Haka ɓawon makankari da ke zube a kan yashin Kwara, na bana ne ko na bara.

AIKIN HANNU DAGA ABIN DA AKA SAMO

In an dawo gida rana ta yi zafi, sai a zauna a inuwa a mai da yawon ya zama aiki. Ga guda huɗu da na gwada.

Na farko, kwaikwayon fosil. A samo yumɓu wajen masu ginin tukwane, a cuɗa, a yi ɗan faifai da shi mai kaurin yatsa biyu. A danna makankari ko ganye mai jijiya a kai, a cire a hankali. Ramin da ya saura shi ne irin shaidar da halitta ke bari a dutse. A shafa ɗan man gyaɗa, a dama siminti a zuba, a bari ya kwana biyu, sa'an nan a ɓamɓare yumɓun. Za a ga siffar abin ta fito sak. Mai yin wannan da hannunsa ba zai manta darasin ba a ɗakin jarrabawa.

Na biyu, littafin ganyaye. A tsinko ganyen tsamiya da kalgo da sabara da marke da kanya da magarya, a shimfiɗa kowanne tsakanin jaridu, a danne da akwati. A riƙa sauya jaridar bayan kwana biyu-biyu har mako biyu. Sa'an nan a jiƙa ƙaro ya narke a liƙa su a littafi. A ƙarƙashin kowanne a rubuta sunansa da Hausa, a tambayi maƙwabta sunansa da Fulatanci da Dandanci, a kuma tambayi tsofaffi amfaninsa. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, ma'ajin duwatsu na kaba. Kaba ganyen ƙaramar goriba ce. Akan yanko ta, a shanya, a tsaga, a ɗan jiƙa kafin saƙa don kada ta karye. Ana rina ta ja da karan dafi, a yi rawaya da gangamau. Ƙanwar mahaifiyata ta ɗinka mini 'yan ƙananan fayafai, kowane dutse da nasa, da 'yar takardarsa. Kawu ya gargaɗe ni cewa mai yankan kaba ba ya taɓa zuciyar tsiron, kuma ba ya aske shi duka, in ba haka ba baɗi ba zai sami abin yanka ba.

Na huɗu, zanen ƙwarya. A ɗora ganye a bayan ƙwarya a bi gefensa da fensir, sa'an nan a bi zanen da tsinin wuƙa, a shafa baƙin tukunya a goge. Ƙananan yara kuwa su ɗora takarda a kan ɓawon kuka ko na maɗaci su goga gawayi, su ga yadda kowace bishiya take da irin nata zane.

KIRA GA 'YAN'UWA DA IYAYE

Ƙoƙon kan dabbar Goronyo yana ajiye a birnin Fulorans na Italiya. Baƙi ne suka sha rana suka tono shi, suka yi nazarinsa, suka raɗa masa suna, kuma sun cancanci yabo. Amma abin tambaya shi ne, wa zai raɗa sunan na gaba? A Ingila an yi wata yarinya mai suna Mary Anning, 'yar wani kafinta, wadda aka haifa a 1799. Tana da shekara 12 ita da wanta suka gano ƙasusuwan wata babbar dabbar teku a gaɓar garinsu, kuma ba ta taɓa shiga jami'a ba. Abin da take da shi ido ne da haƙuri da yawan fita. Mu muna da waɗannan, ga kuma makaranta.

Akwai kuma abin da ke neman kuɓuce mana. Zaizayar da ke tono fosil ita ce kuma ke farfasa shi ta tafi da shi kogi in ba a gan shi da wuri ba. Tabarmar roba tana korar ta kaba a kasuwa, ana sare giginya da goriba ba a dasa wasu, kuma da yawa daga cikinmu ba za su iya kiran sunan itatuwa goma na bayan garinsu ba. Duk tsohon da ya rasu ba a tambaye shi ba, ya tafi da nasa littafin.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in yaro ya dawo da duwatsu a aljihu kada a ce yawon banza ya je, a tambaye shi abin da ya gani, a kuma gaya masa abin da aka sani. Ina roƙon hukumar makarantarmu ta ba mu kabad ɗaya a ɗakin kimiyya, inda kowa zai ajiye abin da ya samo da takardar bayaninsa. Mu kuma 'yan makaranta, tun da an tara mu daga garuruwa dabam-dabam, in kowa ya dawo hutu da dutse ɗaya da ganye biyar na garinsu, kafin mu gama aji shida mun haɗa ɗan gidan tarihin jiharmu. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kawo mana damina mai albarka, amin.